Jarka Goma Ƙarƙashin Doya

Ina da shekara talatin da takwas, da mata da 'ya'ya huɗu, ranar da Yaya Alkasum ya mare ni a tsakiyar tashar Ƙonni. Ba marin jan kunne ba. Sai da hulata ta faɗa kwata, kunnena na hagu ya wuni yana kuka. Masu lodi suka tsaya da buhuna a ka, mai shayi ya ajiye buta, kowa ya zuba ido ya ga ko zan rama. Laifina jarka biyu ta isansi, wato fetur, da na ɗaure a bayan motarsa.

"Mas'udu, sau nawa za ni hwaɗa maka?" ya ce, yatsarsa na taɓa hancina. "Ba a aza min mai bisa mota. Mai cikin tanki shika zama. In ba ka iyawa, aje makulli."

Sannan ya juya ya kwance jarkokin da kansa, ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya kamar mai ɗaukar ƙwai, ya kai su inuwa nesa da murhun mai shayi. Jarka ya lallaɓa, ni ƙanensa ya mara. Wannan ya fi marin ci mini rai.

Ban rama ba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, ya girme ni da shekara goma sha bakwai, kuma tun da mahaifinmu ya rasu tuwon gidansa nake ci har na yi aure. Na ɗauki hulata na kakkaɓe, na haɗiye abin. Amma ni ba mai mantuwa ba ne, kuma ba zan yi wa kaina ado ba: tun a wurin na ƙudura sai na nuna masa ni ne direba.

Shekara ashirin da biyu Yaya ya yi a filin jirgin sama na Yamai, yana jan tiyo yana ɗura wa jirage kananzir a ƙarƙashin fiffike. Ya cika cikin jiragen da suka je Makka da Faransa ba adadi, shi kuwa ko sau ɗaya ƙafarsa ba ta bar ƙasa ba. Da ya ajiye aiki sai ya dawo gida da abu uku: tsohuwar a-kori-kura da ya saya, hancin da kananzir ya kashe har ba ya jin warin komai, da wa'azin mai. Motar ya ba ni nake tuƙawa, muna ɗaukar doya daga bakin iyaka mu kai Agadas. Kowace tafiya yana kujerar gefena ya harɗe hannu. 'Yan tasha Kaftin suke kiransa, ba don girmamawa ba.

A lokacin Najeriya ba ta cire tallafin mai ba, isansin da ake tsallakowa da shi ya fi ruwan leda yawa a Ƙonni. Duk direban da zai yi arewa sai ya cika jarkoki na zuwa da na dawowa, har da na sayarwa a Abalak. Mu kaɗai ne muke tashi da rabin tanki, mu tsaya gidan mai a Badaguishiri, mu tsaya Tawa, mu tsaya Abalak, muna sayen man famfo da tsadarsa. Sauran direbobi su wuce mu suna danna oda, suna ɗaga mini hannu. Ni kuwa ina tafasa.

Dalilinsa na haddace shi kamar Fatiha, don na ji shi ya fi sau ɗari.

"Jirgin da za shi tahiyar awa goma sha huɗu ba sauka," yakan ce, "kusan rabin nauyinai mai na. Awan hwarko mai shika sha don ya ɗauki mai. Da za a raba tahiyar biyu, a ba shi rabi, ya sauka tsakiya a ƙara mai, da ya sha ƙasa da hakan. Kaya ba su tahiya kyauta, ko da kayan mai na."

Wata rana na gaji na tare shi. "To, Yaya, in gaskiya ta, mi ya hana su sauka?"

"Sauka ma ba kyauta ba ta. A biya hili, a biya ma'aikata, a ɓata awa biyu, taya ta ci ƙasa, tashi kuma ya sha nashi man. Hwasinja ko ba shi son tsayawa. Shi ya sa wani zubin tsayawa ta hi, wani zubin wucewa ta hi."

"In kuma mai ya hi araha inda ka tashi?"

Ya amsa ba kwana-kwana, don shi ba ya iya ƙarya ko da za ta ba shi nasara. "Matuƙa ma sukan cika ciki su tahi da shi, in arahar ta kai."

"To ai mu ke nan! Ƙonni araha, Abalak tsada. Kai da bakinka!"

"Jirgi cikin hihhike shika ɗaukar mai," ya ce, "ba cikin robar manja ba, bisa kan doya, rana na duka. Ka taɓa ganin isansi ya kama? Ba ka gani ba. Tuƙa mota."

Haka gardamarmu take ƙarewa kullum, shi da gaskiyarsa, ni da tawa, motar kuma tasa.

Ranar marin Laraba ce. Alhamis bayan la'asar ya tafi ta'aziyya Tsarnawa, ya bar mini lodi. Kafin in je wurin masu doya sai na biya bayan kara, kasuwar dabbobi, inda wani Fa'izu yake sayar da man tsallake. Ba jarka biyu ba, goma na ce ya cika. Marin ne ya ƙara takwas ɗin. Akwai wasu zauna-gari-banza a kan benci suna cin gyaɗa suna kallonmu, ɗaya har ya tambaye ni ina zuwa, na ce Agadas, da asuba in Allah ya kai mu. Da alfahari ma na faɗa.

Na jera jarkokin a ƙasan bodi, na ɗaure bakin kowacce da leda, na shimfiɗa buhuna, aka loda doya a kai har ta yi tozo, na ja tamfol na ɗaure. Haka direbobin Ƙonni suke yi wa 'yan duwan, wato kwastan. Ni wa na yi wa? Yayana. Shirina shi ne in mun isa Agadas aka sauke doya, in nuna masa a gaban mutane, in ce ga jirginka ya zo da mansa lafiya.

Da magariba na biya gidansa karɓar guzuri. Matarsa Ummusalma tun ina ɗan shekara goma sha biyu aka kawo ta gidanmu, a Ƙonni ta zauna duk shekarun da yake Yamai, ita ta yi ta wanke mini kayan lakwal, wato na makaranta. Wasan ƙanen miji ne tsakaninmu, ba ta kirana sai Angona.

"Angona, an ce jiya ka sha shayi mai zahi a tasha," ta ce tana miƙo mini ƙullin dambu.

"Mijinki dai ki ja mai kunne."

"Wa? Mutumin da ya hana ni ko risho cikin gida? Yi haƙuri, tsoro na ya yi mai yawa, ba ƙiyayya ba." Sai ta ɗan ja hanci. "Kai kuma wanga warin isansi hwa?"

"Direba ai da warin mai aka san shi."

Ta dube ni ta yi dariya, ta koma ɗaki.

Muka tashi bayan sallar asuba. Tun kafin mu kai mararrabar Tsarnawa mu karkata arewa, Yaya ya fara karkata kunne. Hancinsa ya mutu, amma kunnensa da ƙugunsa suna nan daram.

"Motag ga nishi taka yi."

"Doyar bana manya ta."

"Doya nawa ka loda?"

"Yadda munka saba."

"A'a. Bayanta ya zauna. Dubi yadda taka jan ƙahwa in ka sa giya."

Na ce taya ce ba iska. Ya dube ni ta wutsiyar ido. Raina ya yi fari, ina jin na ci shi wasa. Muka tsaya shingen jandarma, muka wuce, muka sha fura a wani ƙauye. Rana ta ɗaga, hantsi ya dubi ludayi.

Saura kaɗan mu gangara kwarin Badaguishiri akwai inda damina ta cinye kwalta, motoci suke sauka cikin busasshen rafi su bi yashi su hau ta can. Gaɓa biyu masu tsayi, da sabara a kai. Na sha wucewa nan da gudu ba ko gezau. Ranar ina sauka na ji motar ta nutse, sitiyari ya yi nauyi. A madubi na ga babura uku sun fito daga cikin sabara, mutum biyu-biyu, fuskoki a naɗe da rawani.

"Taka!" Yaya ya daka mini tsawa. "Taka, Mas'udu!"

Na taka har ƙafata ta taɓa ƙarfe. Injin ya yi kururuwa, tayoyin baya suna ta haƙa yashi, muna tafiya kamar jaki da kayan gishiri. Saura taku ashirin mu hau tudu. Da motar da nauyinta na kullum ce, da mun hau. Wannan na san shi, kuma ba mai rarrashin da zai cire mini shi.

Harsashin farko ya fasa gilashin gaba, ɓaraguzai suka cika mini fuska. Na biyu ya sami taya. Motar ta karkata ta tsaya. Kafin in buɗe ido an fizge ƙofa, an kama wuyan rigata an wurgo ni ƙasa. Gindin bindiga ya sauka a bakina, na ji haƙora biyu sun zube a kan harshena. Na tofar da su da jini. Wani ya kifa ni, ya aza takalminsa a wuyana, ya danna fuskata cikin yashi mai zafi. Da ido ɗaya nake ganin abin da ke faruwa.

Sun jawo Yaya ta ɗaya ƙofar, suka gurfanar da shi a bayan mota. Babbansu gajere ne, siriri, muryarsa a sanyaye kamar mai sayar da turare. Bai tambayi kuɗi ba, bai tambayi waya ba.

"Baba, ina isansin?"

"Shina cikin tanki," Yaya ya ce. "Bai kai rabi ba. Ku sa tiyo ku zuƙe."

"Jarka goma anka ce muna."

Masu cin gyaɗar nan suka faɗo mini a rai. Mutanen daji ba abin da suke nema irin man babur, ni kuma na tsaya bayan kara na yi musu shela.

Yaya har da ɗan murmushi. "Ɗana, kun ɓata mota. Ku tambayi duk Ƙonni wa aka ce ma Kaftin. Ni ba a aza min mai bisa mota."

Gajeren ya ɗaga kai. Wani dogo ya kwance sarƙar babur daga ƙugunsa, ya naɗe ta a hannu, ya zabga wa Yaya a gadon baya. Rigar ta tsage, fatar ta buɗe. Ya ƙara. A na uku Yaya ya kifa da hannuwa, ya sake miƙewa a kan gwiwa.

"Ina isansin?"

"Wallahi, tallahi, babu. Na rantse da wanda raina ke hannunai, doya ta ɗai cikin motag ga."

Magana ɗaya ce a kaina. In ce, suna ƙarƙashin doya, ni na sa. Bakina cike da yashi da jini, amma ba su suka hana ni ba, kada in yi wa Allah ƙarya. Na ce a raina sauri suke yi, ba za su tsaya sauke lodin doya ba, za su zuƙe tanki su tafi. Wannan shi ne abin da na gaya wa kaina. Gaskiyar kuwa, na fi tsoron idon Yaya a kan bindigarsu. Na gwammace a ci gaba da dukansa da ya juyo ya dube ni.

Aka ci gaba. Sarƙar ta sami kunnensa ta raba shi biyu, jini ya wanke masa wuya. Dogon ya gaji ya miƙa wa wani. Suka tattake masa yatsun hannu da takalmi. Kowane duka sai gajeren ya maimaita tambayarsa a hankali, kowace tambaya sai Yaya ya maimaita rantsuwarsa. Ina ƙirgawa. Sau bakwai ya rantse, ina kwance ina ji.

Sai gajeren ya yi tsaki ya ce a yanke tamfol. Mutum biyu suka hau suna watso doya ƙasa, tana fashewa fari fat a kan yashi. Ba su daɗe ba. Ɗaya ya yaye buhu, ya yi ihu, ya ɗago jarka rawaya sama.

Yaya ya dubi jarkar. Ya daɗe yana dubanta, kamar an nuna masa wata dabba da bai taɓa gani ba. Sannan ya juyo da kansa a hankali har idonsa ya sami nawa guda ɗaya da ke waje. Ba fushi a ciki. Da fushi ne da na ji sauƙi.

"Tsoho da hurhura," gajeren ya ce, "ka rantse da Allah sau nawa bisa ƙarya?" Ya dube ni, ya dubi Yaya. "Ko direbanka na ya ɓoye maka? In shi na, hwaɗi, mu sallame ka. Da shi za mu yi."

Mai takalmi ya ƙara danna wuyana. Ga ƙofa an buɗe mini karo na biyu, ban shiga ba.

"Ni na aza su," Yaya ya ce. "Mota tawa ta. Shi tuƙi ɗai ya sani."

Gajeren ya karɓi jarkar, ya yage ledar da na ɗaure da hannuna, ya buɗe, ya juye ta a kan Yaya tun daga ka. Man ya bi raunukan sarƙa, Yaya ya saki wata ƙara da ban taɓa jin irinta a bakin namiji ba. Sauran suna ta sauke jarkokin, biyu sun riga sun buɗe suna ɗura wa baburansu a nan gefen mota, rabi a tanki rabi a ƙasa. Warin ya cika rafin har idona yana yaji. Gajeren ya laluba aljihu ya fito da ashana.

Yaya ya share man daga idonsa da bayan hannu. Da ya yi magana, muryar wa'azin nan ce tasa ta kujerar gefena.

"Ɗana, ka san cikin mi kaka tsaye? Rahin ga ba iska. Tururin isansi ƙasa shika bi, ya kwanta cikin rami. Jarka ukku a buɗe. In ka ƙyasta, ba ni ɗai za ni tahi ba."

"To bari in ja baya," gajeren ya ce yana dariya.

Taku ɗaya ya yi. Yaya ya zabura daga gwiwa ya rungume shi a ƙugu, ya sarƙe hannuwansa ta baya. Hannuwan da suka shekara ashirin da biyu suna jan tiyon jirgi ne, ko da karyayyun yatsu ba a ɓamɓare su. Suka faɗi tare cikin yashin da ya jiƙe da mai, suna birgima. Ashanar ta watse. Gajeren ya jiƙe sharkaf, muryar turaren ta tafi, yana ihu, "Kar ku harba! Kar wanda ya harba!" Dogon ya yi ta dukan kan Yaya da gindin bindiga, ina jin ƙarar ƙashi, Yaya bai saki ba. Mai takalmi ya ɗaga ƙafarsa daga wuyana ya ruga ya taimaka.

"Mas'udu!" Yaya ya kira. "Gudu!"

Na gudu. Wannan umarnin kam na bi shi ba gardama. Na kama gaɓar rafin ina hawa da hannu da ƙafa. Ban san wanda ya harba ba, ban san ko ni ya nufa ko Yaya ba. Na ji ƙarar bindiga, sai wani irin gum mai nauyi, iska mai zafi ta ɗaga ni ta maka cikin sabara. Gashin ƙeyata ya ƙone.

Da na juyo, rafin duka wuta ne. Mutum ɗaya yana gudu yana ci, ya yi taku goma ya faɗi. Masu ɗura wa babura ban ma gan su ba. Jarkokin da suka rage suna fashewa ɗaya bayan ɗaya. Biyu daga cikinsu suka ja babur guda da ke nesa, suka hau suka tsere, rigar na baya tana hayaƙi. Sai na ga wani abu ya mirgino daga cikin wutar, yana birgima cikin yashi da gangan, hagu da dama, yadda aka koya wa su Yaya a filin jirgi.

Na gangara. Na yi ta tura masa yashi, ina kashe wutar bayansa da tafin hannuna, ban ji zafi ba sai daga baya. Na kama shi ta hammata in ja shi, fatar ta biyo hannuna. Na ja shi haka nan har inuwar gaɓa. Fuskarsa ba zan faɗi yadda ta koma ba. Ko'ina warin gasasshiyar doya, har yau ba a dafa ta a gidana.

Yana numfashi. Idonsa ɗaya ya buɗe.

"Mas'udu."

"Na'am, Yaya. Yaya, ka gahwarce ni, ni na..."

"Na ce maka motag ga ta yi nauyi."

Na fashe da kuka kamar yaron goye. Ya jira na lafa, yana jan iska da ƙyar.

"Kak ka hwaɗa ma kowa. Kana da ɗiya. Ka ji?"

Na ce na ji. Ya fara kalmar shahada, ina tayawa.

Hayaƙin ne ya jawo jandarma. Suka sa mu a bayan motarsu. Muna shiga Badaguishiri, daidai gidan man da za mu tsaya mu sha rabin tankinmu, na ji kansa ya yi nauyi a cinyata. Mai famfon da ya saba da mu yana tsaye yana kallon motar jandarma tana wucewa.

Na gaya wa jandarma mai 'yan bindigar suka zo nema, man da ya kama wuta kuma su suka zo da shi. Haka na gaya wa liman, haka na gaya wa matata. Ƙonni ta ɗauka. 'Yan tashar da suke masa dariya suka cika makabarta, kowa yana ba da labarin yadda Kaftin ya tafi da mutum huɗu. Direbobi suka daina ɗaukar jarka har na mako biyu. Ni kuma ana ta zuwa duba hannuwana da ke naɗe, ana cewa Allah ya saka mini, na shiga wuta don ɗan'uwana. Hausawa sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Ni na ja, shi ya doka, kuma ni ake yi wa sannu.

Ranar sadakar arba'in, bayan mutane sun watse da hantsi, Ummusalma ta aiko a kira ni. Tana cikin takaba, tana zaune a bakin ƙofar ɗakinta, labule ya rufe rabinta. Na tsuguna a waje, na gaishe ta, ta amsa. Ta daɗe tana jan carbi.

"Kwana arba'in ina juya magana guda," ta ce. "An ce mai sunka zo nema. An kuma ce da mai sunka zo. Mai neman abu ba shi zuwa da shi."

Na sunkuyar da kai.

"Yayanka ko kwalba ba ya yarda a aza mai. To man da ya cinye mota, ya cinye mutum biyar, daga ina ya hito?" Ta ajiye carbin. "Ran Alhamis da ka zo karɓar dambu na ji wari a rigarka. Na yi dariya. Ina son in san abin da na yi ma dariya."

Yaya ya ce kada in faɗa wa kowa, kuma na ce na ji. A kan magana ɗaya na taɓa saɓa masa, ga abin da ya haifar. Na dubi hannuwana, sabuwar fata ja tana ƙyalli. Sannan na saɓa masa na biyu.

"Ni na aza su. Jarka goma, ƙarƙashin doya. Bai sani ba."

Ba ta motsa ba. Na gaya mata sauran, ban rage komai ba: masu cin gyaɗa, yashin da ya riƙe mu, sarƙa, rantsuwa bakwai, da ni a kwance da bakina a rufe.

"Da anka hiddo su, ya gane kai na?"

"Ya gane."

"Mi ya ce?"

"Sun ce in ni na, ya hwaɗi su sallame shi. Ya ce shi ya aza su."

Sai a lokacin hawaye ya zubo mata, ba ta share ba.

"Shekara ashirin da shida ina zaune da yayanka," ta ce, "ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Ashe guda ɗai gare shi, kai ya aje ma ita."

Ta kai hannu ga labule.

"Tashi ka tahi, Mas'udu."

Tun da aka kawo ta gidanmu ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar.